Kurakuran da muka fi yi wajen jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa da jijiya

'Yan uwana ma'aikatan jinya, musamman ƙannenmu da suka fara shiga wod kwanan nan, har ma da masu zaman jinya a bakin gado, akwai abun da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Mai ciwon ciki zai dafe ciki ya ce muku ga inda ke masa ciwo, amma wanda jijiyarsa ta mutu ko wuta ke cin ƙafarsa ba zai ji ba, wanda harshensa ya karye kuma ko ya ji ba shi da bakin faɗa. Idonku da hannunku su ne suka koma jijiyarsa. Kuma yawancin ɓarnar da nake gani wallahi tausayi ne da gaggawa ke jawo ta.

Bari in fara da ruwan sha, don shi ya fi cin rai a ɓoye. Mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki, leɓe ya bushe, 'yarsa na hawaye tana cewa tun jiya Baba bai sa komai a cikinsa ba, sai a ɗauko kofi a ɗura masa yana kwance. Na taɓa jinyar wata dattijuwa da aka yi wa haka, ko tari ɗaya ba ta yi ba, kowa ya ce ai ta sha lafiya, abun da kawai ya canza muryarta ce ta koma kamar mai magana da ruwa a maƙogwaro. Bayan kwana biyu sai ga zazzaɓi, numfashi sama-sama, ashe cikin huhu ruwan ya gangara, nimoniya ta kama ta. Saboda haka kar a ba da komai ta baki, har ƙwayar magani, sai an gwada haɗiya. A zaunar da shi sosai, a ba shi cokali ɗaya na ruwa, a sa ido kan tari, dalalar miyau da canjin murya, in an ga ko ɗaya a tsaya a faɗa wa likita, wataƙila sai an sa robar abinci ta hanci. In ya haɗiye lafiya a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a bar shi zaune kamar minti 30 bayan ya gama, sannan a leƙa kumatun ɓangaren da ya shanye don abinci na maƙalewa a can shi bai ma sani ba. A goge masa baki da haƙora kullum, ko da ta roba yake ci, dattin bakin nan ma huhu yake tafiya.

Tun a ƙofa ma muna kuskure. In an kawo mai shanyewar jiki ba ma tambayar ƙarfe nawa aka gan shi lafiya na ƙarshe, alhali allurar narkar da gudan jini irin alteplase cikin awa 4 da rabi ake ba da ita. Wani kuma ya miƙa asfirin kafin a ɗauki hoton kai, to in jijiya ce ta fashe fa? An ƙara wa jinin gudu kenan. Kuma a auna suga nan take, faɗuwar suga na iya zuwa da kama irin ta shanyewar jiki sak.

Sai jan hannu. Za a gyara wa mara lafiya kwanciya sai a kama hannun da ya shanye a fizgo, tsokar da ke riƙe kafaɗar nan ta saki, ƙashin sai ya zame daga gurbinsa ya bar shi da ciwon watanni. A sa zani a ƙarƙashinsa mutum biyu su ɗaga, a tallafe hannun da filo. Juyi duk bayan awa 2, a duba diddige da ƙugu da ƙashin zama, ja ɗin da kuka danna bai koma fari ba gyambon kwanciya ne ya fara sallama.

Farfaɗiya kuwa har yau ana cusa cokali a baki wai kar ya haɗiye harshe. Ba a haɗiye harshe, haƙori dai ake karyawa, a kuma toshe hanyar iska. Kar a danne shi, a kawar da abun da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan riga, da an samu dama a juya shi gefe miyau ya zubo waje, kuma miyan nan ba ya sa wa kowa cutar. Abun da aka fi mantawa shi ne agogo. Ku duba lokaci tun farawa, in jijjigar ta kai minti 5, ko wata ta biyo wata bai farfaɗo ba, ba a jira kuma, a kira likita a shirya oksijin da allura irin diazepam ko lorazepam. Ku rubuta abun da kuka gani, ta wane ɓangare ta fara, ina ido ya juya, ya saki fitsari ko a'a, don likita bai gani ba, da bayaninku zai yi aiki.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne "barci yake, ƙyale shi ya huta". Mutum ya bugu a kai, dare ya raba, nas ta leƙo ta ga ya yi shiru sai ta kwafi makin hayyacin da aka auna ɗazu ta rubuta. Haba 'yar uwa! Ma'aunin hayyaci na Glasgow wanda likitoci Teasdale da Jennett suka fitar a 1974 don wannan aka yi shi, buɗe ido maki 4, magana 5, motsi 6, jimla daga 3 zuwa 15, kuma 8 zuwa ƙasa hanyar numfashi ma tana cikin haɗari. Dole a tashe shi a tambaye shi sunansa da inda yake, a ce ya matse hannu ya saki, a haska tocila a ido a gwada girman ɗigon tsakiyar ido na dama da na hagu. A rubuta kowane maki daban, jimla kaɗai na ɓoye inda aka samu koma-baya. Canjin hayyaci shi ne ke fara nuna matsi na ƙaruwa a cikin kai, mai hira ɗazu ya koma gyangyaɗi ko fizge-fizge ko amai. In kuka jira sai jini ya hau, bugun zuciya ya ragu, numfashi ya rikice, to an makara sosai. A ɗaga kan gado kamar digiri 30, wuya a miƙe, kuma kar a ba mai fizge-fizge maganin barci kafin a gano abun da ke sa shi.

Mai rauni a laka daga saman baya zuwa wuya in ya ce kansa na sarawa, fuska ta yi ja yana gumi, kar a kwantar da shi a ba shi farasitamol a wuce. A zaunar da shi, a auna hawan jini, a bi robar fitsari da hannu, sau tari lanƙwashewa ta yi mara ta cika, ko kuma bayan gida ne ya taru. Mai cutar Parkinson, wato ciwon karkarwa da ƙagewar jiki, shi kuma maganinsa na levodopa ba ya jiran zagayen rabon magani, in lokacinsa ya wuce jiki ƙagewa yake har haɗiya ta gagara, kuma a guji ba shi maganin amai na metoclopramide ko maganin ruɗewar hankali na haloperidol.

Wanda maganarsa ta ɗauke ba hankalinsa ne ya gushe ba, kar a tsaya a kansa ana zancensa kamar ba ya nan, a yi masa tambaya gajera mai amsar e ko a'a, a ba shi lokaci. Mai matsalar ji kuma ihu ba ya taimakonsa, ku tsaya inda haske ke kan fuskarku ya ga leɓe, ku duba batirin na'urar kunnensa. Mai suga da ƙafa ta daina ji ba a sa masa robar ruwan zafi, da gwiwar hannunku za ku gwada ruwan wanka, a kuma buɗa tsakanin yatsu kullum. Wanda fuskarsa ta karkace ido ba ya rufuwa a ɗiga masa maganin da ke jiƙa ido, a rufe masa shi da dare kar ya bushe ya yi miki. Makaho kuma ku yi sallama ku faɗi sunanku kafin ku taɓa shi, ku ba shi hannunku ya riƙe maimakon ku tura shi gaba, kar ku kawar masa da kofi ko sanda daga inda ya ajiye, in za ku fita ku ce masa Malam zan fita, don na sha shigowa in tarar da bawan Allah yana ta ba da labarin ciwonsa ga nas ɗin da ta daɗe da barin ɗakin.