Kurakuran Malami Kirista Idan Sauyin Rayuwa Ya Haɗu da Ƙaro Ilimin Koyar da Harshe

Ba kasafai malamin harshe ke komawa karatu a lokacin da rayuwarsa ke tafiya daidai ba. Galibi aure, ko haihuwa, ko ƙaura zuwa wata ƙasa, ko rabuwa da aiki ne ke sa shi neman sabuwar takardar shaida. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora kwas ɗin a kan tsohon jadawali ba tare da an sauke komai ba, musamman ga malami Kirista wanda ke koyarwa a makarantar Lahadi, yana jagorantar mawaƙa, yana kuma jin nauyin ce wa ikilisiya ba zai iya ba.

Kwas ɗin CELTA na Jami'ar Cambridge, wanda ke horar da masu koyar da Turanci, ya isa misali. Yana ɗaukar kimanin awa 120 tare da masu horarwa, cikin mako 4 zuwa 5 ga mai yin sa gaba ɗaya, kuma a ciki akwai awa 6 na koyar da ɗalibai na gaske a gaban mai tantancewa, da ayyukan rubutu guda 4. Wannan lissafi bai haɗa da daren da ake kwana ana tsara darasin gobe ba, alhali jariri yana kuka a ɗaki. A Luka 14:28 Yesu ya yi maganar mai son gina hasumiya, wanda yake fara zama ya lissafa abin da za ta ci. Gyaran ke nan: malami ya zauna da iyalinsa, sannan da fastonsa, tun kafin ya biya kuɗin rajista, a rubuta hidimar da zai miƙa wa wani da ranar da zai karɓe ta. Idan lissafin bai fita ba, akwai tsarin da ake yin kwas ɗin kaɗan-kaɗan cikin watanni.

Wasu kuma tun wurin zaɓen kwas suke kuskure. An tsara CELTA ne domin masu farawa, DELTA kuwa, wato babbar difloma ta Cambridge a wannan fanni, domin waɗanda suka riga suka goge a aji, kuma kashi 3 ce da ake iya ɗauka ɗaya bayan ɗaya, abin da ya dace da wanda gidansa bai gama daidaita ba. Takardar intanet mai araha wadda babu wanda ya taɓa kallon mutum yana koyarwa kafin a ba shi, ba ta da nauyi a wurin makarantu da yawa.

Kuskuren da ya fi wuyar ganewa shi ne ɗaukar kiran Allah a madadin ƙwarewa. Wanda ya saba tsayawa gaban jama'a yana fassara nassi yakan shiga ajin harshe da wannan ɗabi'a, ya yi minti 20 yana bayanin nahawu ɗalibai suna gyaɗa kai, idan mai horarwa ya rubuta masa cewa maganarsa ta yi yawa, sai ya ji kamar an raina shekarun hidimarsa. A ganina mai horarwar ne ke da gaskiya. A 1985 Merrill Swain, masaniyar koyar da harshe, ta nuna cewa yaran Kanada masu magana da Turanci da suka shafe shekaru ana koyar da su da Faransanci suna fahimtarsa sosai, amma nahawunsu yana da rauni idan sun zo magana ko rubutu, ta kuma danganta haka da ƙarancin damar da ake ba su ta yin amfani da harshen da kansu. Malami ya ɗauki sautin darasinsa a waya, da izinin ɗalibai, ya ƙirga mintocin da bakinsa ne ke aiki, sannan ya mayar da wani ɓangare na bayanin ya zama aikin da ɗalibai za su yi bibbiyu.

Akwai kuma mayar da aji wurin wa'azi, abin da yakan ƙaru idan malami ya fito daga wani gwaji yana ɗokin ba da shaida. Ɗalibin da ya yi rajista domin koyon harshe, wanda makinsa ke hannun malami, ba shi da cikakken 'yancin tashi ya fita. Idan ana son nazarin Littafi Mai Tsarki da harshen da ake koya, a buɗe masa zama dabam, a kira shi da sunansa, wanda ya so ya zo.

Ɓoye wa masu horarwa halin da ake ciki ma yana jawo asara. Wanda aka yi wa rasuwa ko rashin lafiya ta shigo gidansa ya sanar da su a rubuce tun kafin ranar miƙa aiki ta wuce, ya kuma tambayi ƙa'idar cibiyar game da ɗage wa'adi ko jinkirta kwas ɗin zuwa zango na gaba.