Kurakuran da muke yi da baƙin ƙwaron nan na ƙarƙashin dutse

Ranar da muke maimai a gonar masara ta bayan Samaru, ɗan ƙanena ya ɗaga wani dunƙulen ƙasa, sai ga baƙin ƙwaro mai sheƙi ya fito a guje. Kafin in buɗe baki ya sa masa bayan fartanya. "Baba, kyankyason gona ne," in ji shi. Na ɗauko gawar na ɗora a tafin hannu, na ce ya matso ya gani.

Kuskuren farko ke nan, kuma shi ya haifi sauran: duk baƙin ƙwaro mai gudu a wurinmu kyankyaso ne, in ya yi kauri mu ce buzuzu. Wannan kuwa daga wani dangi yake da masana ke kira Karabide, mai jinsi sama da 40,000 a duniya, yawancinsu mafarauta. Rabe shi ba wuya in aka tsaya aka duba. Fukafukan kyankyaso hawa juna suke yi, kansa kuma a ɓoye yake ƙarƙashin wata garkuwa. Shi wannan, murafan bayansa biyu masu tauri sun haɗu a miƙaƙƙen layi guda, galibi da zane-zane a tsaye kamar kunyoyin gona. Kansa a fili yake, bai kai faɗin ƙirjinsa ba, da muƙamuƙai biyu masu kaifi sun leƙo gaba kamar bakin awartaki. Gashin nan biyu na kansa dogaye ne sirara, gaɓa 11 kowanne. Na buzuzun kashi gajeru ne masu kauri a ƙarshe, ƙafafunsa na gaba kuma faffaɗa saboda tono. In har yanzu da shakka, a kifa shi a rigingine: a gindin kowace ƙafar baya akwai wani ɗan ƙullutu mai siffar ƙwayar shinkafa. Wannan shaidar ba ta cika yaudara ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muke kashe 'ya'yansa. Ƙwaron yana bin matakai huɗu: ƙwai a cikin ƙasa, tsutsa, sai kwanciyar rikiɗa, sannan babba. Manomi ya ga tsutsa a ƙasa, shi ke nan, gwazarma ce ko mai cin saiwa. Alhali gwazarma fara ce, ƙatuwa, a lanƙwashe kamar jinjirin wata, ba ta da hanzari. Tsutsar wannan ƙwaro doguwa ce, mai duhu, da ƙafa shida masu aiki, muƙamuƙai a gaba da 'yan tsinkaye biyu a wutsiya, kuma da ka taɓa ta sai ta zura. Farauta take yi tun tana ƙarama. Ita da uwarta abincinsu tsutsotsi ne, da ƙwan ƙwari, da gara. Tun da tsutsar masara ta shigo Nijeriya a 2016 daga nahiyar Amurka, kowa ya san ɓarnarta a kan zuciyar shuka, amma kaɗan ne suka lura cewa idan ta ƙoshi ƙasa take sauka ta shige don ta rikiɗe. A nan ƙasan ne mafaraucin yake jiranta. Akwai ma wani reshe na dangin, Kalosoma, da ke hawa kan shuka ya bi tsutsa har inda take. Ban ce shi kaɗai zai tsare gona ba, kuma wasu daga cikin dangin nasa ƙwayar ciyawa suke ci. Amma taimakonsa kyauta ne, kuma kowane dare.

Wannan ya kawo mu kan feshi. Da yawa muna cika tanki mu wanke gona gaba ɗaya har ƙasa ta jiƙe, ko da tsutsar a layi uku take. Maganin da ya zuba ƙasa mafarautan yake fara samu, su kuma ba sa hayayyafa da saurin tsutsa, sai ta dawo ta tarar ba mai tare ta. Gyaran shi ne a zagaya gona tukuna, a sa magani a zuciyar shukar da ta kamu kawai, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba. Wani kuskuren kuma shi ne cinna wa karan gona wuta da rani, da share iyaka ƙarƙaf: can suke fakewa kafin ruwa ya sauka. A bar ɗan zirin ciyawa da tarin kara a gefe.

Yara kuma su daina ɗaukarsa da hannu suna kai shi kusa da ido. A ƙarshen cikinsa akwai jakunkuna biyu masu fitar da ruwa mai wari. Wani mai ruwan ɗorawa da baƙi, da ake samu a wurare masu damshi irin fadamun Kubanni da Galma, yana haɗa sinadarai biyu a cikinsa ya harbo su da 'yar ƙara, zafinsu ya kusa digiri 100, wato zafin tafasasshen ruwa, ya bar tabo a yatsa. Manyan baƙaƙen nan masu ɗigon fari, Antiya, ba sa tashi, amma suna tsartuwar ruwa mai raɗaɗi. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa, kada a murza, in raɗaɗin ya ƙi lafawa a je asibiti.

Ɗalibai da ke tara ƙwari don makaranta suna yawan cewa sun nema ba su samu ba. Da rana suka nema. A binne gwangwanin madara da yamma, bakinsa daidai da fuskar ƙasa, a jingina ɗan fasasshen kasko a sama saboda ruwa, a dawo da asuba. Wajen zane kuma kada a dasa ƙafafun baya a jikin cikin ƙwaron. Duka shidan daga ƙirji suke fitowa, sai dai rabin ƙirjin ya ɓuya a ƙarƙashin murafan. Allurar kafe shi a murfin dama ake soka ta, can sama kusa da ƙirji.

Ɗan ƙanen nawa ya binne gwangwani biyu a wannan yammacin, ɗaya a tsakiyar kunya, ɗaya a bakin iyaka inda ciyawa take. Da safe na bakin iyakar ne ya kawo mini da gudu, ya rufe bakinsa da ganyen masara.