Idan an daki mai juna biyu ta yi ɓari: abin da za a yi a Abuja

Kundin dokokin hukunta laifuka na Final Kod (Penal Code), wanda ake aiki da shi a Abuja, bai bar ɗan tayi haka sakaka ba. Sashe na 232 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya zubar da ciki da gangan, sai dai in an yi ne don ceton ran uwar. Amma wanda ya fi shafar gidajenmu shi ne sashe na 234: wanda ya daki mace ta yi ɓari ba da nufinsa ba, ɗaurinsa zai iya kai shekara 3. In kuwa ya san tana da ciki, shekara 5.

Da fari a kai ta asibiti nan take, kafin zancen caji ofis. A gaya wa likita gaskiya cewa duka ne. Nan ake yawan ɓata shari'a: don rufin asiri sai a ce "zamewa ta yi a banɗaki", likita ya rubuta hakan a fayil, gobe lauyan wanda ake tuhuma ya ɗaga wannan takarda a gaban alƙali. A nemi a yi sikanin, a rubuta makonnin cikin da duk wani tabo ko kumburi, a ɗauki hotonsu ranar, tun ba su baje ba. Katin awo kuma a adana shi, domin shi ke nuna cikin yana lafiya kafin dukan.

Daga nan sai caji ofis. Wajen ba da bayani a faɗi a sarari yadda mutumin ya san da cikin: shi ya kai ta awo, an gaya masa a gaban wane, ko cikin ya riga ya fito. Kada a sa hannu sai an karanto muku abin da aka rubuta. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

In Allah Ya sa cikin ya tsaya amma aka haifi jaririn da lahani, sashe na 17 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya ba shi damar neman diyyar cutar da aka yi masa tun yana ciki. Wakilinsa ne zai shigar da ƙarar, kuma takardun asibitin nan na ranar farko su za a fara tambaya.