Yadda ake laƙantar taswira a wasannin harbi na ƙungiya

A wasanni irin su Counter-Strike 2 da Valorant, inda mutum biyar ke karawa da biyar, masu kai hari suna neman dasa bam, masu tsaro suna hana su, iya saitin bindiga ba ya wadatar da ɗan wasan da bai san filin da yake fafatawa a kai ba. Saboda haka ka zaɓi taswira ɗaya, ka tsaya a kanta har sai ta zauna maka a ka. Dust II, taswirar Counter-Strike wadda ta fito tun 2001, ta dace da mai koyo, domin tsarinta a bayyane yake: wuraren dasa bam biyu, A da B, sai hanyar tsakiya da ke haɗa su.

Ka fara buɗe ta kai kaɗai, ka bi ta lungu-lungu kana haddace sunayen da 'yan wasa suka laƙaba wa wurare. Wanda ya ce abokan gaba suna Banana, wata hanya a taswirar Inferno ta Counter-Strike, ya sanar da abokansa komai cikin kalma ɗaya.

Abin da ya fi muhimmanci, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne lokaci. Ka riƙe wuƙa, tunda da ita aka fi sauri a guje, ka auna daƙiƙoƙin da za su kai ka kowace mashiga daga inda masu kai hari suke farawa, sannan ka sake aunawa daga ɓangaren masu tsaro. Inda lissafin biyu ya haɗu, nan ne za a fara musayar wuta. A Counter-Strike 2 bam yana tashi daƙiƙa 40 bayan dasa shi, kwance shi kuma yana cin daƙiƙa 10, ko 5 ga mai kayan kwancewa. Don haka mai gadin B da bai san tsawon tafiyarsa zuwa A ba zai isa ne bayan aikin gama ya gama.

Kada ka ɗora dabarar wata taswira a kan wata. Haven ta Valorant wuraren dasawa uku gare ta, abin da ke tilasta wa masu tsaro su rarrabu, Bind kuwa ba ta da hanyar tsakiya sam. A Nuke ta Counter-Strike, A tana saman B ne, shi ya sa ƙarar sawu take ruɗar sabon shiga.

Jifan gurnetin hayaƙi, a ganina, ya zo daga ƙarshe. Biyu ko uku da ke toshe idon mai harbi daga nesa sun isa, muddin ka maimaita su har hannunka ya saba.