Yadda Za Ka Ba Motar Gaggawa Hanya Ba Tare Da Ka Karya Dokar Tuƙi Ba

Yawancin sababbin direbobi ba mugunta ce ke sa su tare wa motar asibiti ko ta 'yan kwana-kwana hanya ba, firgici ne. Da zarar jiniya ta tashi a bayansu sai hannu ya fara rawa a kan sitiyari, wani ya danna birki a tsakiyar titi, wani ya taka totur ya tsallake danja, wani kuma ya haye gefen da masu tafiya a ƙasa suke bi. Kowanne a ransa taimako yake yi, alhali ya ƙara wa direban motar gaggawa aiki, ya kuma jefa kansa cikin laifi. Jiniya ta ba wancan direban izinin wuce wasu ƙa'idoji saboda aikinsa, kai ba ta ba ka komai ba. Dokar da ke kanka kafin ka ji jiniya tana nan a kanka bayan ka ji ta.

Mataki na farko: gano daga ina take kafin ka motsa. Rage rediyo, sauke gilashi kaɗan, duba madubin tsakiya da na gefe biyu. A cikin gari ƙarar jiniya tana dukan gine-gine ta dawo, sai ka rantse daga baya take alhali daga titin da ke ratsa naka take fitowa. A ƙarƙashin gadar sama, kamar ta Ƙofar Nasarawa a Kano, abin ya fi ruɗarwa. Kada ka karkatar da mota sai idonka ya ga fitilarta. Ni ban yarda direba ya rufe gilashi ruf ya ƙure kiɗa a kan titin da ke kaiwa babban asibiti ba, irin titin Zariya da ke wucewa ta Asibitin Malam Aminu Kano, domin a nan kullum kana iya haɗuwa da motar da ke ɗauke da rai a hannun Allah.

Mataki na biyu: ka nuna abin da za ka yi tun kafin ka yi shi. Kunna sigina, ɗaga ƙafa daga totur, ka rage gudu a hankali. Tun 1972 Najeriya ke tuƙi ta hannun dama, haka ma Nijar take, saboda haka a titin da ke da sarari dama za ka matsa, ka bar mata hagu. Kafin ka matsa ɗin, leƙa madubin dama, domin nan ne mai babur da mai adaidaita sahu suke kurɗowa. Kada ka kunna fitilun nan biyu masu ƙyaftawa tare alhali kana tafiya, direban da ke bayanka ba zai san dama ka nufa ko hagu ba. Birkin gaggawa kuwa shi ne mafi muni. Motar kashe gobara da ta ɗauko ruwa lita 5,000 tana jan tan 5 ne ban da nauyin kanta, ba za ta tsaya inda ƙaramar mota take tsayawa ba. Motar asibiti kuma idan ka tilasta mata birki, ma'aikacin da ke tsaye a kan majiyyaci a baya shi zai sha wahalar.

Ba ko'ina ake tsayawa ba. A kan kwana, ko kan gada mai ƙunci, ko gab da tudun da ba ka ganin abin da ke bayansa, tsayuwarka tilasta wa motar gaggawa take yi ta shiga hannun masu tahowa a makance. A irin wannan wuri ci gaba da tafiya daidai gudun da doka ta yarda, ko da tana ta jiniya a bayanka, har ka kai inda titi ya buɗe, sannan ka raɓe. Kada ka ƙara wuta wai don ka kauce mata, tsere da ita gangancin tuƙi ne.

Mataki na uku shi ne danja, kuma nan ne na ga masu koyo sun fi faɗuwa. Kana sahun gaba, fitila ta nuna ja, jiniya na kururuwa a bayanka, na bayanka sun ɗora hannu a kan ham, wani ɗan kamasho yana ɗaga maka hannu yana cewa "Malam wuce mana, ba ka ji ba ne?" A wannan lokacin zuciya za ta ce maka ka ratsa kawai. Kada ka ratsa. Waɗanda fitila ta ba kore a ɗaya titin sun taho da gudunsu, kuma da yawa ba su ji jiniyar ba. Mota mai gudun kilomita 60 a sa'a tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, kafin mai ita ya ankara da kai ya riga ya iso. Motarka ba ta da jiniya, ba ta da fitila mai walƙiya, babu abin da zai gargaɗe shi. Idan aka yi karo a tsakiyar mahaɗa, ka toshe hanyar gaba ɗaya, an kuma sami ƙarin wanda zai buƙaci motar asibiti.

Abin yi shi ne ka nemi sarari a inda kake. Juya sitiyari ka karkata dama gwargwadon iko ba tare da ka shiga mahaɗar ba. Sau da yawa taku biyu ko uku da kowace mota za ta matsa ya isa a sami kafar da za ta kurɗa. Wannan ne ya sa nake dagewa cewa duk lokacin da ka tsaya a danja ko a cunkoso, ka bar tazarar da za ka iya hango tayoyin baya na motar gabanka suna taɓa kwalta. Wanda ya manne wa na gabansa ba shi da wurin juya kan mota, sai dai ya zauna yana kallo. Na san a Kano idan ka bar wannan tazara adaidaita sahu zai cusa kai, to ya cusa, wani lokacin ka sake bari.

Idan babu sarari ko kaɗan, tsaya cak ka jira kore. Direban motar gaggawa yana da hanyoyin da kai ba ka da su, yana iya zagayawa ta ɗaya hannun, yana iya jiran 'yan daƙiƙun da suka rage. Abu ɗaya ne ke halatta maka wucewa a kan ja: jami'in da ke ba da hannu a wurin, ɗan sanda ne, ɗan Karota (hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano) ne ko ma'aikacin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ya dube ka ya yi maka alamar ka wuce. Shi ya riga ya tsayar da sauran, umarninsa kake bi. Hannun ɗan kamasho ko mai talla ba umarni ba ne. Kuma ko da jami'i ya kira ka, shiga a hankali, da ka fita daga mahaɗar ka raɓe dama. Wannan ba tsaurin Najeriya kaɗai ba ne. A Ingila ma ƙa'idar tuƙinsu cewa take ka ba motar gaggawa hanya amma kana bin dukkan alamun titi, kuma tsallake ja laifi ne ko da don motar asibiti ka yi.

Idan kuma kai ne fitila ta ba kore, jiniya kuwa na tahowa daga gefe, koren nan bai zama dole ka yi amfani da shi ba. Dakata kafin layi har ta wuce. Wanda ya riga ya shiga tsakiyar mahaɗa ya ƙarasa fita, kada ya tsaya a ciki, kada kuma ya yi ribas. A shataletale ma haka, idan ba ka shiga ba ka jira, idan kana ciki ka fita ta hanyarka sannan ka raɓe.

A cikin cunkoson da ya tsaya cik a titi mai layi biyu, matsawa dama kaɗai ba ta wadatarwa. Abin da ya fi aiki shi ne na layin hagu su manne hagu, na dama su manne dama, tsakiya ta buɗe. A Jamus wannan doka ce. A nan sai dai ka duba inda motar ta sa kai, ka buɗa mata ta wannan ɓangaren. Kada ka hau dakalin masu tafiya a ƙasa, kada ka shiga titin da aka hana bi ta wannan fuskar. Ka kuma kula da lambatu da bakin kwalbati, taya ɗaya da ƙafar mota a yau kuɗi ne mai yawa, kuma motar da ta faɗa lambatu ta zama sabon shinge.

Akwai masu cewa ai rabin masu jiniya ba gaggawar komai suke ba, manya ne da 'yan rakiyarsu. Gaskiya ne an ɓata jiniya, duk da cewa Ƙa'idojin Zirga-zirgar Titi na Ƙasa na 2012 sun taƙaita waɗanda ke da izinin amfani da ita. Amma daga kujerarka ba ka da hanyar sanin abin da ke cikin motar. Haka masu cewa motar asibitin ai babu kowa a ciki, wataƙila ɗauko wani za ta je. Ba ta hanya, bincike aikin hukuma ne.

Bayan ta wuce kada ka yi wuf ka koma. Motocin kashe gobara sukan fito bibbiyu ko fiye, musamman idan gobarar kasuwa ce, saboda haka sake duba madubi, kunna siginar hagu, sannan ka shiga. Kada ka bi bayanta don ka ci moriyar hanyar da ta buɗe. Tana iya tsayawa ba zato, kuma layin masu bin baya shi ke rufe wa mota ta biyu hanya. Idan ka iso inda suke aiki, rage gudu ka wuce, kada ka tsaya kallo, kada ka ɗaga waya ɗaukar hoto kana tuƙi, kada ka taka mesar ruwan 'yan kwana-kwana, kada ka yi fakin a ƙofar asibiti ko ta tashar kashe gobara. Idan kai ne ka fara cin karo da haɗari, faka a wuri mai kyau nesa da shi, ka kira 122 na Hukumar Kiyaye Haɗurra ko 112, ka faɗa musu sunan titin da wata alama ta kusa da za su gane wurin da ita.