Yadda ake sabawa da sabuwar fistol da kubenta kafin ranar gasa

Ina magana ne da wanda takardarsa ta cika. A nan Kamaru dokar makamai ta 2016 ba ta wasa, kuma daga Marwa zuwa Garwa shingen jandarmomi nawa za ka wuce? In ba ka da izinin riƙe bindiga, je ka nemo tukuna.

Da farko, kada ka cusa sabuwar bindiga cikin tsohon kube don tsimin sefa. Kowace fistol da kuben da aka ƙera mata. Ni daga Glock 17 na koma CZ Shadow 2: ta farkon da ƙyar ta wuce giram 700, ta biyun ƙarfe ce zalla, ta haura kilo ɗaya da giram 300. Bel ɗin da ya ɗauki waccan sai ya riƙa lanƙwasa da wannan. Nemi bel mai tauri, kube kuma na roba mai ƙarfi irin Kydex. Na fata kyau gare shi, amma gumin watan Afrilu na sa bakinsa ya saki. A dokar IPSC, ƙungiyar duniya mai shirya irin wannan gasar harbi, dole kube ya rufe kunama ruf.

Daga nan sai sukurun da ke matse bindiga a kube, inda ni na sha kunya. Na sassauta nawa don in riƙa zarowa da sauri, ina jin daɗi tana fita sumul kamar an shafa mata man shanu. Ranar gasa, zagayen farko a zaune ake farawa. Ƙararrawa na kaɗawa na zabura, kafin hannuna ya kai ƙugu sai na ji ƙwal a ƙasa. Alƙalin fili ya ce, "Alhaji, tsaya nan, kada ka taɓa ta." Shi ya ɗauka, ya cire harsasai, ya sallame ni. Bindiga ta faɗi ana cikin zagaye, kora ce kai tsaye, ko harsashi ɗaya ban harba ba, ga kuɗin mota da na masauki sun tafi. Yanzu ga abin da nake yi: in tabbatar babu harsashi, in sa ta a kube, in zauna, in tashi, in durƙusa, in yi tsalle a kan katifa. In ta motsa, in ƙara rabin juyi, in sake gwadawa. Idan ta zauna daidai sai in ɗiga wa sukurun maganin hana kwancewa, in yi masa alama da jan farce. Kuma kada ka bar Kydex a mota da rana, zafin cikin mota na iya canza masa siffa.

Sai atisaye ba harsashi, minti 15 kullum, mako biyu, harsasai suna wani ɗaki daban. Rufe ido, zaro a hankali, miƙa hannu, sannan ka buɗe. Hannun da ya saba da Glock zai kai bakin CZ ƙasa, domin kwanciyar mariƙinsu ba ɗaya ba ce. Maimaita har saiti, wato daidaituwar ma'aunin da ke kan bindiga da idonka, ya riƙa zuwa da kansa. Jan kunama na farko a Shadow 2 dogo ne mai nauyi, shi ma ka ba shi nasa lokacin.

Mayarwa kube kuwa ba a gaggawa, ba wanda ke ƙirga maka lokaci. Yatsa a miƙe waje, ido a kan bakin kube. Jallabiya da 'yar shara a bar su gida, gefen riga na iya shiga ya ja kunama. Soke rigarka cikin wando.

A fili fara da mita 7, sai 15, sai 25, da irin harsashin da za ka shiga gasa da shi. Da hunturu rage mai, ƙura na manne masa. Goge magazin, wato gidan harsasai, duk bayan ya taɓa ƙasa.