Yadda na ceto firojet ɗina bayan an dawo min da babi na uku

Sau biyu sufabaiza yana dawo min da babi na uku da jan biro, ni kuma ina ta ƙunƙuni wai mutumin ya tsane ni, ashe laifina ne. Na ɗauko manoman shinkafa na Kebbi gaba ɗaya, ƙananan hukumomi 21, ga kuɗin mota babu, ga difens, wato ranar kare aikin a gaban malamai, saura wata biyu.

Sai na rage taken ya koma Argungu kawai. Daga nan na raba takarda gida biyu, manufofin bincike a hagu, tambayoyin kwashaniya a dama, duk tambayar da ba ta da manufar da take amsawa na soke ta, wallahi kusan rabi suka tafi, har da wadda nake ji da ita kan tsadar taki. Adadin mutanen da zan tambaya kuwa da lissafin Taro Yamane na fitar, wato dabarar sanin mutum nawa za a ɗauka daga cikin jama'a, manoma 400 ke cikin rajistar ƙungiyar da na samu, da kuskuren 0.05 ya ba ni 200.

Na mayar da tambayoyin Hausa, don dattijo ba zai tsaya ka yi mai Turanci ba, kuma bayan la'asar nake zuwa in sun dawo daga fadama. Kullum da dare in zuba amsoshin a Excel in tura Google Drive, tunda filashi ya taɓa cinye min babi guda.

Ran da na kai gyaran malam ya duba ya ce "to yanzu ka fara aiki", ya sa hannu.